Yadda Ake Raba Gida da Cututtukan da Ake Ɗauka Wajen Saduwa

A kusan kowane asibiti a ƙasar Hausa akwai wata irin mara lafiya da ma'aikata suka saba gani. Mace ce ta zo da farin ruwa da ciwon mara, aka rubuta mata magani, ta sha ta ji sauƙi, bayan wata ɗaya ko biyu sai ga ta ta dawo da kukan da ta zo da shi tun farko. Ita za ta ce maganin asibiti ba ya kashe sanyi. Uwarta za ta ce ai ya riga ya bi jiki, sai dai na gargajiya. Sau da yawa kuwa maganin ya yi aikinsa sarai. Mijin ne ba a yi wa ba, ko abokiyar zamanta, cutar ta zaga ɗakuna ta komo inda ta fito. Don haka matakan da ke tafe na gida ne gaba ɗaya, ba na wanda ya fara jin ciwo kaɗai ba.

Mataki na 1: A san su ɗaya bayan ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sama da 30 ne ke iya bi ta hanyar saduwa, amma takwas ne suka fi addabar jama'a. Huɗu daga ciki ana warkewa daga gare su tas: gonoriya, kilamidiya, tunjere da tirikomonas. A ƙiyasin hukumar na shekarar 2020, an kamu da waɗannan huɗun sau miliyan 374 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, wato sama da miliyan ɗaya a kowace rana. Sauran huɗun ƙwayoyin bairos ne: HIV, ciwon hanta nau'in B, hapis da HPV. Su antibayotik ba ya taɓa su. Wasu ana danne su da magani, wasu ana riga su da allura.

Gonoriya ita ce ciwon sanyin da maza suka fi sani. Kwana biyu zuwa mako guda bayan saduwa, namiji zai ji fitsari na masa raɗaɗi, mugunya fara ko ruwan ɗorawa tana fita daga gabansa tana ɓata wando. Mata da yawa kuwa ba sa jin komai. Kilamidiya ta fi ta iya ɓuya, don akasarin masu ɗauke da ita, maza da mata, lafiyarsu ƙalau a ido. Haɗarin waɗannan biyun yana cikin shirun nan nasu. A jikin mace suna hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, su kumbura shi, su bar tabo ya toshe hanya. Daga nan sai ciwon mara da ba ya ƙarewa, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko haihuwa ta tsaya cak. Mata nawa aka ɗora wa laifin rashin haihuwa, aka yi ta yawo da su gidajen masu magani, har aka yi musu kishiya a kan haka, alhali tushen abin cuta ce da maganin mako guda zai kawar tun da fari?

Tunjere mayaudari ne. Kimanin mako uku bayan kamuwa wani ɗan gyambo zai fito a al'aura, ko dubura, ko baki. Ba ya zafi, kuma cikin mako uku zuwa shida zai warke da kansa ko an sa magani ko ba a sa ba. Nan ne mai maganin gargajiya ke karɓar yabo a banza. Bayan wasu makonni ko watanni sai ƙuraje su feso a jiki, har da tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su baje. Cutar tana nan cikin jini, bayan shekaru ta taɓa zuciya, ƙwaƙwalwa, ido da jijiyoyi.

Tirikomonas kan kawo wa mace ruwa mai kumfa, ɗorawa ko kore-kore, mai wari da ƙaiƙayi, yayin da mijinta ke ɗauke da ita bai sani ba. Hapis ƙananan ƙuraje ne masu ɗurar ruwa da ke fashewa su yi zafi, su warke, su sake dawowa lokaci zuwa lokaci. HPV iri-iri ce: wata tana sa tsiron fata a al'aura, wata kuma ba ta nuna komai sai bayan shekaru ta zama sankarar bakin mahaifa. Nau'i na 16 da na 18 kaɗai su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara.

HIV, wadda ke kai wa ga ƙanjamau, ko sida kamar yadda ake cewa a Nijar, kowa ya san sunanta kuma kowa na tsoronta. Babban binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na manya na ɗauke da ita. Binciken nan dai ya nuna ciwon hanta nau'in B ya kai kashi 8.1 cikin ɗari a tsakanin manya. A duba tazarar. Wadda ba a cika zancenta ba ita ta fi yawa nesa ba kusa ba, ta kuma fi HIV saurin kama mutum.

Mataki na 2: A daina zuba komai a buhun sanyi

Ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa ba ne cutar saduwa. Mace mai lafiya tana fitar da ruwa fari ko garai-garai marar wari, yana ƙaruwa a tsakiyar wata da lokacin goyon ciki. Farin ruwa mai kauri, guda-guda, da ƙaiƙayi mai tsanani, galibi wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a jiki dama can, takan yi yawa bayan shan antibayotik, ko da juna biyu, ko ga mai ciwon suga. Budurwar da ba ta san namiji ba tana iya samunsa. Raɗaɗin fitsari ga mace sau da yawa ciwon mafitsara ne. Jini a ƙarshen fitsari ga wanda ke shiga rafi, dam ko fadamar shinkafa, a fara zargin tsargiya, wadda ma kan shafi al'aurar mace ta yi kama da cutar saduwa.

Amfanin wannan rarrabewa biyu ne. Yana hana a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, yana kuma hana a fake da ƙarya. Babbar mafakar ita ce masai. Gonoriya, kilamidiya, tunjere da HIV ba a ɗaukar su a bakin masai, ko a buta, ko a kwanon abinci, ko wajen musafaha, sauro ma ba ya ɗauko HIV. Tsaftar banɗaki abu ne mai kyau, amma duk wanda ya yarda cewa daga masai matarsa ta kwaso gonoriya ba zai taɓa kai kansa gwaji ba.

Akwai kuma zancen "istaf" da masu tallar magani ke kwarmatawa da lasifika a tasha da kasuwa, suna jingina masa komai tun daga ciwon baya har saurin inzali. Ƙwayar nan tana zaune a fata da hancin ɗimbin mutane masu lafiya, kuma sau da yawa daga fata take faɗawa cikin abin da aka ɗiba don gwaji. Ba ta cikin jerin cututtukan saduwa. Kada a zubar da kuɗi a kanta sai likita ya ce ita ce matsalar.

Mataki na 3: Alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti idan an ga mugunya ko baƙon ruwa daga gaba, gyambo ko ƙurji a al'aura ko da ba ya zafi, kaluluwa a matsematsi ba tare da rauni a ƙafa ba, zafi lokacin saduwa, jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada da al'ada, kumburi da ciwon maraina, ko ido da fitsari su koma ruwan ɗorawa irin na shawara.

Uku kuwa na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi. Ciwon mara ta gefe ɗaya da jiri ga macen da ta yi ɓatan wata, don yana iya zama cikin wajen mahaifa ne ke shirin fashewa. Sai jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya a kwanakin farko. Kada a tsaya ɗiga masa nono ko sa masa kwalli. Idan gonoriya ce ya shafo a hanyar fitowa, tana iya makantar da shi cikin 'yan kwanaki.

Mataki na 4: Gwaji, da yadda ake shirya masa

Wanda bai ga alama ba shi ma yana da dalilin gwaji: idan zai yi aure ko ƙarin aure, idan an samu ciki, idan an gano cuta a jikin abokin zama, ko idan shi da kansa ya san ya taka sawun da bai kamata ba.

Namijin da za a karɓi fitsarinsa ya riƙe shi na awa ɗaya zuwa biyu kafin gwaji, kuma farkon fitsarin ake so, don shi ke wanko ƙwayar cutar. Mace kada ta wanke can ciki, kada ta cusa wani magani kafin ta je. A gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da aka riga aka sha, har da na kemis da na gargajiya, don antibayotik na iya ɓoye cuta a gwaji. A kuma faɗi gaskiya kan yaushe abin ya faru da kuma ta wace hanya, saboda gonoriya na zama a maƙogwaro da dubura. Likita ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri. Macen da ke jin nauyin namiji tana da damar neman ma'aikaciya mace.

Gwaje-gwajen jini uku ya kamata a nema da baki, kada a jira sai an ba da shawara: HIV, tunjere da ciwon hanta nau'in B. Na HIV ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20, kuma a asibitocin gwamnati da yawa kyauta ne. Akwai ma wanda mutum zai yi da kansa a ɗaki ta hanyar goga abin gwajin a dasashi. Idan na gida ya nuna akwai cuta, ba a yanke hukunci sai an tabbatar a asibiti.

Ga inda ake yawan kuskure. Gwajin HIV na gama-gari ba ya ganin cutar da aka ɗauka jiya ko makon jiya. Jiki na iya ɗaukar har wata uku kafin alamarta ta bayyana a jini. Wanda ya yi gwaji kwana goma bayan abin da yake tsoro, aka ce ba shi da komai, bai gama ba tukuna. Ya koma bayan wata uku.

A ƙananan asibitoci inda babu kayan gwajin gonoriya da kilamidiya, ma'aikaci kan duba alamomi ya ba da maganin duka biyun a tare. Wannan tsari ne da aka amince da shi, ba kame-kame ba ne.

Mataki na 5: Magani har ƙarshensa

Gonoriya a yau allurar seftiriyazon ake yi mata. Kilamidiya ƙwayar dokisaikilin ce ta kwana bakwai, mai ciki kuma a sauya mata da azitiromaisin. Tunjere allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, sau ɗaya idan sabo ne, sau uku mako-mako idan ya daɗe. Tirikomonas metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. An kawo sunayen ne don mutum ya gane abin da aka rubuta masa, ba don ya je ya haɗa wa kansa ba.

Haɗin kemis shi ne ya kai mu inda muke. A ba mutum kafso biyu ja da baƙi, biyu ja da yalo, a ƙulle a leda, ya sha mugunya ta tsaya ya ce ya warke. Gonoriya ta riga ta gagari fenisilin, ta gagari tetirasaikilin, ta gagari sifurofulozasin a wurare da dama na duniya, kuma irin wannan shan rabi da rabi yana cikin abin da ya koya mata gagara. Magungunan da suka rage masu aiki a kanta ba su da yawa.

Don haka a shanye duk abin da aka rubuta ko da an ji garau a rana ta biyu. Kada a raba shi da wani. A ƙaurace wa shimfiɗa na kwana bakwai bayan magani, kuma sai kowa a gidan ya gama nasa. Idan alamomi ba su tafi ba bayan mako guda a koma. Bayan wata uku a sake gwaji, saboda sake kamuwa ya fi gazawar magani yawa.

Mai HIV kuma ya sani cewa zamani ya sauya. Yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta a cibiyoyin gwamnati. Wanda ya riƙe ta ba fashi, cikin kimanin wata shida ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har gwaji ya kasa ganinta, kuma muddin tana a haka ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Yana aure, yana haihuwa, yana tsufa. Mai ciwon hanta nau'in B ba kowa ne ke bukatar magani nan take ba, amma kowa na bukatar a riƙa duba hantarsa, ya kuma nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Mataki na 6: Sauran mutanen gida

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma in aka tsallake shi duk na baya sun tashi a banza. Ƙa'idar ita ce duk wanda aka sadu da shi cikin kimanin wata biyu da suka wuce a yi masa magani, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. A gidan mace huɗu, mutum biyar ne marasa lafiya, kuma a mako guda za a yi wa kowa. In aka yi wa amarya yau, uwargida sai wata mai zuwa, rabon kwana zai mayar da hannun agogo baya.

Nauyin ya fi hawa kan maigida, don shi ne mahaɗar ɗakunan, shi ke riƙe da kuɗin asibiti, kuma maganarsa ta fi saurin karɓuwa. Ba sai ya tara su ya yi dogon bayani ba. Ya samu kowacce a ɗakinta: "Maman Sadiya, na je asibiti an ga ina da ciwon sanyi, likita ya ce ba zai rabu da mu ba sai kowa ya sha magani. Ki shirya gobe mu je." Abin da bai dace ba shi ne ya sayo ƙwayoyi ya miƙa mata a matsayin maganin shawara ko na basir. Ba ta san me take sha ba, ba za ta shanye ba, kuma in tana da ƙaramin ciki wani maganin na iya yi wa ɗan illa.

Idan mace ce aka fara ganowa, abin ya fi tsauri, don tana tsoron a ce ita ta kawo. Dabarar da ta fi aiki ita ce ta bar asibiti ya yi magana. Ta roƙi ma'aikaciyar lafiya ta rubuta takardar gayyatar miji, ta kai masa: "Maigida, sun ce ba za su ƙarasa mini magani ba sai sun gan ka, ga takardar." Maza da yawa da ba za su saurari matansu ba suna amsa kiran likita. Wadda ke tsoron duka ko saki ta faɗa wa ma'aikaciyar tun a can, akwai hanyoyin da suke bi su kira miji ba tare da an nuna daga ina zancen ya fito ba.

A kuma yi hattara da saurin yanke hukunci. Wanda aka fara ganowa ba lallai ne shi ya fara kamuwa ba. Kilamidiya kan yi watanni a ɓoye, tunjere, HIV, HPV da hapis kan yi shekaru, ciwon hanta kuwa da yawan masu shi tun suna jarirai ko yara suka samu. Mai yiwuwa cutar ta girmi auren. Gwaji yana nuna akwai ta, ba ya nuna ranar da ta shigo ko ƙofar da ta bi. A fara da magani, shari'a ta biyo baya in ma akwai ta.

Mataki na 7: Tsare ƙofar shigowa

Kamewa kafin aure da riƙon amana a cikinsa su ne kariyar da ta fi kowacce, addini ya faɗa, likitanci bai musa ba. Amma amanar mutum ɗaya ba ta isa, kuma ko gidan da kowa ya kame, sabon aure ƙofa ce. A inda ake yawan saki da sake aure, kowane ango da kowace amarya suna shigowa da tarihin gidajen da suka baro.

Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwajin HIV, ciwon hanta nau'in B da C da kuma rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure, kuma tun kafin nan ana yi wa waɗanda ke shiga auren gata gwaji. Ko a inda babu doka, waliyyi na da ikon ya nema. Yadda za a yi abin ya yi amfani: su je tare, asibitin da aka sani, su karɓi sakamako tare. Takardar da aka aiko a ambulan ba a san inda aka buga ta ba, ba hujja ba ce. A yi gwaji na farko wata uku kafin biki, a maimaita dab da ɗaurin aure. A ƙara da na tunjere ko ba a nema ba. Uwargida ma tana da haƙƙin ta san an yi, tunda jikinta na cikin lissafin.

Samun cuta a gwaji ba shi ne mutuwar maganar aure ba. Tunjere a yi allura. Ciwon hanta a yi wa ɗayan riga-kafi. HIV a fara magani, akwai kuma ƙwayar kariya da ake kira PrEP wadda marar cutar zai riƙa sha har abokin zamansa ya danne tasa.

Mataki na 8: Kwaroron roba, in za a sa a sa daidai

Ma'aurata ma na bukatarsa: lokacin jiran sakamako, ko idan ɗaya na da cutar da ba a gama dannewa ba. Gold Circle a Najeriya da Foula a Nijar sanannu ne kuma ba su da tsada.

A duba ranar lalacewa a jikin ledar. Wanda ya daɗe a aljihun baya ko cikin mota a zafin bazara a yar da shi. A yage ledar da yatsu, ban da haƙori ko reza. A sa shi bayan gaba ya miƙe, kafin kowace irin haɗuwa, ba sai an kusa gamawa ba. A matse ɗan kan don iska ta fita, a warware shi har gindi. In aka fara sa shi a juye, a ɗauki sabo. Bayan an gama a riƙe gindinsa a janye tun gaba bai kwanta ba, a ƙulle a jefa a masai na rami ko a binne cikin shara inda yara ba za su tsinta ba. Ɗaya sau ɗaya. Haɗa biyu ba ƙarin tsaro ba ne, gogayya ce ke fasa su. Basilin, man kaɗanya, man zaitun da man shafawa duk suna cinye robar, sai dai mai santsi na ruwa da ake sayarwa a kantin magani.

Yana tare HIV, gonoriya da kilamidiya sosai. Kariyarsa ga hapis, HPV da tunjere ba ta cika ba, don suna iya zama a fatar da bai rufe ba. Ƙwayoyin tsarin iyali da allurarsa ciki suke hanawa, ba cuta ba. Kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar HIV daga mace da kimanin kashi 60 cikin ɗari, kamar yadda binciken Afirka ta Kudu, Kenya da Yuganda ya nuna, amma ragi ne kawai.

Mata kuma a yi hankali da matsi. Alif, bagaruwa, miski da haɗe-haɗen da ake cusawa don a tsuke suna busar da wurin, su kashe ƙwayoyin da ke tsaronsa, su sa fata ta tsattsage wajen saduwa, cuta ta samu hanya. Wanke waje da ruwa ya wadatar.

Mataki na 9: Allura biyu da ƙarfe mai kaifi

Riga-kafin ciwon hanta nau'in B ga babba allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. A fara gwaji, in babu cutar a yi. Riga-kafin HPV kuma Najeriya ta shigar da shi cikin alluran yau da kullum a watan Oktoba na 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. An zaɓi wannan shekarun ne don ta fi aiki kafin yarinya ta san namiji. Ba ta hana haihuwa. Sankarar da take karewa ta kashe mata kusan 8,000 a Najeriya a 2020 kaɗai. Matan da suka wuce shekarun allurar su nemi a duba musu bakin mahaifa daga shekara 30, mai HIV daga 25.

HIV da ciwon hanta ba ta shimfiɗa kaɗai suke bi ba. Ƙwayar ciwon hanta na iya rayuwa mako guda a busasshen jini. Wajen wanzami, mai yankan farce, kaciya, ƙaho ko hujin kunne, a tafi da sabuwar reza ko a ga an buɗe ta a gabanka. Sirinji ma haka. Kowa da abin askinsa da buroshinsa.

Mataki na 10: Mai ciki

A fara awo da wuri, a tabbatar an yi gwajin nan uku na HIV, tunjere da ciwon hanta nau'in B. Tunjere na sa ɓari da haihuwar ɗa ba rai, alhali allurar fenisilin a farkon ciki na tsare shi. Uwa mai HIV da ba ta shan magani, haɗarin ɗanta ya kamu yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari. Da magani yana sauka ƙasa da kashi 5. Za ta shayar da nono zalla wata shida tana kan maganinta, a ba jariri nasa na ruwa, a gwada shi a mako na shida.

Kowane jariri a yi masa allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida aka haihu, a naɗe shi a kai shi asibiti a ranar. Ba a jiran suna, balle arba'in.

Mataki na 11: Idan abin ya riga ya faru

Fyaɗe, fashewar roba da wanda ba a san matsayinsa ba, ko sukar allurar da aka yi wa wani amfani da ita: akwai maganin gaggawa da ake kira PEP mai hana HIV kama jiki. Sharaɗinsa a fara cikin awa 72, kuma na ranar farko ya fi na rana ta uku. Ana shansa kwana 28 ba tsallake.

A batun fyaɗe, yarinya ce ko yaro, asibiti ne farko. Zaman sulhu a zauren mai unguwa da kai-komon dangi kan cinye kwana ukun nan kafin a farga. Kada a yi wanka ko a wanke tufafin in ana son hujja, amma ko an riga an yi wanka a tafi. A can za a ba da PEP, da maganin gonoriya, kilamidiya da tirikomonas, da allurar ciwon hanta, da ƙwayar hana ɗaukar ciki wadda ke aiki har kwana biyar. Idan ƙaramin asibitin unguwa ba shi da PEP, kada a koma gida jiran gobe, a wuce babban asibiti ko wanda ke ba da maganin HIV, a tambayi sashen da ke rabawa. Bayan an gama sha a dawo gwaji a mako na shida, a sake a wata na uku.